Yadda za ka zaɓi bakin tekun da ya dace da ɗan koyo in za ka je hawan igiyar ruwa a hunturu

Duk wanda ya tashi a Kano ko Maraɗi, ruwan da ya sani bai wuce kogi, madatsar ruwa da kududdufin damina ba. Ranar da ya fara tsayawa a gaban teku, sai ya ga wani abu dabam: ruwa mai numfashi, yana zuwa yana komawa, ba hutu dare da rana. A kan wannan ruwan ne mutum ke kwanciya rub da ciki a kan allo, ya tuƙa da hannuwansa, igiyar ruwa ta ɗauke shi, ya miƙe tsaye ya sulala har gaɓa. Wasu na ɗauka wasan Turawa ne kawai, amma tun a shekarun 1830 wani matafiyi ɗan Birtaniya ya rubuta cewa ya ga yara a Akra suna shiga teku da ƙananan alluna a ƙarƙashin cikinsu, su jira igiya ta kawo su bakin gaɓa. Yau wasan ya kai ga Olamfik, inda aka fara yin sa a gasar Tokyo da aka gudanar a 2021, kuma Ramzi Boukhiam, ɗan Agadir ta Maroko, yana cikin waɗanda suka fafata.

Abin da na ɗauko a nan bai shafi gwanaye ba. Ina magana ne da mutumin da bai taɓa hawa ba, ya tara ɗan kuɗi, yana da hutun mako ɗaya ko biyu tsakanin Disamba da Fabrairu, yana son ya je ya koya ya dawo gida lafiya. Irin wannan mutum, wurin da ya zaɓa shi ne rabin karatunsa. Kuma wurin da ya fi suna a bidiyo, kusan kullum shi ne wurin da bai kamace shi ba.

Mataki na farko yana gida: ka iya iyo

Kafin ka duba taswira ko kuɗin jirgi, ka amsa wa kanka wannan da gaskiya: za ka iya iyon mita 200 ba tsayawa, a ruwan da ƙafarka ba ta taɓa ƙasa? Za ka iya kwanciya rigingine a kan ruwa minti biyar ba tare da ka firgita ba? Makarantu da yawa a bakin teku suna karɓar wanda ya iya mita 50, wasu ma ba sa tambaya. Ni dai ma'aunin da nake ba 'yan uwana ke nan, mita 200, domin mu ba mu tashi da teku ba, kuma firgici ya fi kama wanda bai saba ba.

Kada ka dogara da allo. Ana ɗaure shi a ƙafarka da wata igiyar roba kamar talalar akuya, amma talala tana tsinkewa. In ta tsinke, kai ne da hannuwanka. Idan har yanzu ba ka kai wannan ma'auni ba, ka nemi wurin iyo na otal ko na filin wasa a garinku, ka yi wata biyu ko uku kana zuwa sau biyu a mako. Wannan iyon zai kuma gina maka kafaɗu, don kaso mafi tsoka na lokacinka a teku tuƙi ne da hannu. Tsayuwar kan allo daƙiƙoƙi ce.

Na biyu: ka san ina gaɓar ta fuskanta

Nan ne mutane suka fi yin kuskure, saboda haka zan daɗe a kai.

Igiyar ruwan da ke fashewa a gabanka ba a nan aka haife ta ba. Guguwa ce ta taso a tsakiyar teku, nisan dubban kilomita, iskarta ta tura ruwa, ƙarfin ya yi ta tafiya kwana da kwanaki har ya tarar da ƙasa. Manyan guguwoyi kuwa a lokacin sanyi suke tashi. Daga Nuwamba zuwa Maris sanyi yana arewacin duniya, don haka arewacin Tekun Atlantika ne ke tafasa. Duk gaɓar da ta fuskanci arewa ko yamma a wannan ɓangare, wato Fotugal, Faransa, tsibiran Kanari, Maroko da arewacin Dakar, a hunturu take samun igiyoyinta mafiya girma. Gaɓar da ta fuskanci kudu, irin ta Gana, Togo, Benin da Legas, tata kakar daban ce: manyan igiyoyinta daga kudancin Atlantika suke zuwa, tsakanin Afrilu da Oktoba, lokacin da can ake sanyi. A hunturu tekun nan yakan lafa.

Ma'anar wannan a gare ka ita ce, in ka karanta cewa Janairu ne lokaci mafi kyau a Maroko, ka tambayi kanka, mafi kyau ga wa? Ga gwanin da ke neman igiya mai tsawon mita uku. In kuma ka karanta cewa Janairu ba kakar Gana ba ce, wannan albishir ne gare ka, don abin da gwani ya raina shi kake nema: igiya daga gwiwa zuwa ƙugu, rabin mita zuwa mita ɗaya.

Ni kaina da bidiyo na yi zaɓina na farko. Na ga Anchor Point, wani tsinin duwatsu a gefen ƙauyen Taghazout na Maroko, igiya tana naɗewa doguwa kamar ana shimfiɗa tabarma, na kama ɗaki kusa da wurin. Da na isa a watan Janairu sai na tarar ruwan ya fi tsawon mutum biyu, mashigarsa kuma duwatsu ne masu santsi da ake tsalle daga kansu. Kwana biyu na yi ina kallo, raina a ɓace, kafin wani malami ya sa mu a mota zuwa bakin tekun birnin Agadir, inda gaɓar ta lanƙwashe ta kare kanta daga ƙarfin ruwan. A can na fara tsayawa a kan allo, a cikin kumfar da ba ta wuce cinyata ba.

Sai iska. Iskar da ke busowa daga tudu zuwa teku tana gyara fuskar igiya ta yi sumul. Wadda ke zuwa daga teku tana dagula ta, ta zama kamar ana kaɗa nono. A yawancin wuraren nan da sassafe iska ta fi lafawa, da rana kuma ta juyo daga teku. Wani abin sha'awa, iskar hunturun nan da ke fasa mana leɓe, daga arewa maso gabas take zuwa, saboda haka in ta isa gaɓar Gana daga tudu take faɗa wa teku. Safiyar hunturu a can takan zo da ruwa mai santsi da hazo a sararin sama.

Na uku: me ke ƙarƙashin ruwan

Iri uku ne. Akwai inda igiya ke fashewa a kan rairayi, akwai kan duwatsu ko murjani, akwai kuma inda take bin gefen wani tsinin ƙasa da ya kutsa cikin teku. Ɗan koyo rairayi yake nema, ba wani zaɓi. Za ka faɗi sau hamsin a rana ɗaya, gara ka faɗi a kan yashi.

Sai dai ba kowane rairayi ba. Ka nemi gaɓar da ke gangarawa a hankali, inda za ka yi tafiyar mita talatin ko hamsin cikin ruwa bai wuce ƙirjinka ba. A irin wannan wuri igiya tana fashewa can nesa, ta turo farar kumfa mai tsawo, a kan kumfar nan ake koyo. Gaɓar da ta yi gangara kai tsaye kuwa, igiya takan tashi ta doka kanta a kan yashi daidai inda mutane ke tsaye, tana karya kafaɗa da wuya. Yawancin buɗaɗɗun gaɓoɓin Legas ta wajen Lekki haka suke, ga ruwa mai jan mutum zuwa cikin teku. Ko da an ba ka allo kyauta kada ka koya a can.

Za ka iya gane wannan tun daga gida. Buɗe hoton tauraron ɗan'adam a Google Maps, ka duba gaɓar. In ka ga layuka masu faɗi na farar kumfa sun shimfiɗu nesa da bakin ruwa, gangarar mai sauƙi ce. In farin layin siriri ne manne da yashi, ka wuce. Baƙaƙen tabo a cikin ruwa mara zurfi galibi duwatsu ne.

Na huɗu: auna wuraren da suke hannunka

Busua, a yammacin Gana, kimanin kilomita 30 daga Takoradi, ita ce zan fara nuna wa Bahaushen da bai taɓa hawa ba. Gaɓa ce doguwa ta rairayi, akwai ɗan tsibiri a gabanta, ruwan a hunturu yana kai ma'aunin zafi 27 zuwa 29, ba ka buƙatar rigar roba, wato wadda ake sawa don kare sanyin ruwa. Akwai makarantu da masu ba da hayar allo, yaran ƙauyen da yawa gwanaye ne. Daga Akra tafiyar awa biyar ce ko fiye a mota, ka sauka Takoradi, ka bi ta Agona Nkwanta. Ɗan Najeriya ba ya buƙatar biza saboda yarjejeniyar ECOWAS, amma ya riƙe katin rigakafin shawara. A Takoradi da Akra akwai zango, za ka ji Hausa, ka sami masallaci da tuwo. Illar Busua ɗaya ce: a hunturu wata rana tekun kan kwanta ƙwarai har igiyar ta yi ƙanƙanta. Ga ɗan koyo mai babban allo, wannan ba ya cika hana darasi. Kokrobite ta fi kusa da Akra, kamar kilomita 30, amma akwai duwatsu a wasu sassanta, kada ka shiga sai da ɗan gari.

Tarkwa Bay tana bakin mashigar tashar jiragen ruwan Legas, sai da kwalekwale ake zuwa. Katangar duwatsun da aka gina don kare tashar ita ta killace wurin, shi ya sa ya fi sauran gaɓoɓin Legas sauƙi. Ba fasfo, ba canjin kuɗi. In kana son ka ɗanɗana kafin ka kashe kuɗin jirgi zuwa wata ƙasa, ka ba shi kwana biyu. Amma ka tsaya cikin lungun, kada ka tsallaka ɗaya ɓangaren da ake kira Lighthouse, ruwan can na gwanaye ne. Ka kuma sa rigar ceto a cikin kwalekwalen, ka dawo kafin duhu.

Dakar tana kan tsinin ƙasa, don haka tana karɓar igiya ta arewa da ta kudu. Masu koyo a rairayin Yoff da Virage suke farawa. Duka biyun arewa suka fuskanta, ke nan a hunturu suna samun ruwa mai ƙarfi wasu ranaku, iskar arewa kuma tana dagula su da rana, sai ka yi sammako. Ruwan yakan sauko wajen 20 zuwa 22 a Janairu da Fabrairu, za ka so rigar roba. Shahararrun wuraren Dakar, wato igiyar tsibirin Ngor da ta Ouakam a gaban masallacin nan na bakin teku, duk kan duwatsu suke, cike da bushiyar teku mai ƙayar da ke karyewa a tafin ƙafa. Ka je kallo kawai. Ka kuma sani akwai gaɓoɓi da dama a arewacin birnin da hukuma ta hana wanka a cikinsu saboda yawan nutsewa, ka mutunta allon hani. Yoff cibiyar ɗariƙar Layene ce, hubbaren Seydina Limamou Laye yana daf da ruwa, mutanen wurin suna kula da sutura da ladabi. Mata su sani cewa Khadjou Sambe, mace ta farko a Senegal da ta zama ƙwararriya a wasan, 'yar ƙabilar Lebou ce daga Ngor, kuma ta koyar da 'yan mata da dama.

Maroko ta fi kowa tsari. Taghazout tana kimanin kilomita 20 arewa da Agadir, kusa da ita akwai Tamraght da Aourir, makarantu kuma ba iyaka. Amfaninta shi ne gaɓoɓi da yawa a jere, kowace da fuskarta: Panorama, Crocodile, Devil's Rock, Anza, da bakin tekun Agadir. In ruwa ya yi girma a nan sai a koma can. Saboda haka a Maroko kada ka kama makarantar da ba ta da mota. Imsouane, tafiyar awa ɗaya da rabi zuwa arewa, tana da lungun da igiya ke tafiya doguwa a hankali, amma cunkoson alluna ya yi yawa, ka bar ta sai ka iya juya allonka. Abin da zai ba ka mamaki a Maroko sanyi ne. Ruwa yana tsakanin 16 da 18, da rana akwai ɗumi amma dare da asuba ɗari ne sosai. Sai da cikakkiyar rigar roba mai kaurin milimita 3 ko 4. Ɗan Najeriya yana buƙatar biza, ka fara nema da wuri. Akwai jirgi daga Legas ko Yamai zuwa Kasablanka, daga can a canja zuwa Agadir.

Weligama a kudancin Siri Lanka tana cikin wurare mafiya sauƙi a duniya, lungu ne mai faɗi na rairayi da ruwa mai ɗumi, kakarsa Nuwamba zuwa Afrilu. Nisa da biza ne matsalarta gare mu. In ka je, kada ka rikita ta da Arugam Bay ta gabashin ƙasar, wadda kakarta ke kamawa daga wajen Mayu. Wanda ke zaune a Turai kuwa, tsibiran Kanari sun fi masa Fotugal a hunturu, don ruwan ya fi ɗumi, kuma Famara a tsibirin Lanzarote rairayi ce mai makarantu, ko da yake ita ma tana da ja in ruwa ya tashi.

Na biyar: malami, tun kafin ɗaki

Da ɗan gari akan ci gari. Ka nemi malami tukuna, sannan ka nemi masauki kusa da shi. Ka rubuta wa makarantu biyu ko uku ta WhatsApp, ka faɗa musu gaskiyar matsayinka, cewa ba ka taɓa hawa ba kuma ga iya iyonka. Sannan ka tambaye su: ɗalibai nawa malami ɗaya ke riƙewa a ruwa? Shida sun isa, in sun haura takwas ka nemi wani wuri. Malamin yana shiga ruwa tare da ku ko daga tudu yake ɗaga hannu? Yana da shaidar koyarwa ta ISA, wato ƙungiyar wasan ta duniya, ko ta hukumar wasan a ƙasarsa, da horon ceto? In ruwa ya yi girma ranar darasi, me suke yi? Amsar wannan ta ƙarshe ita ke bayyana makaranta. Mai gaskiya zai ce za a canja wuri ko a ɗage darasin. Wanda ya ce kullum ana shiga, kuɗinka yake so.

Ka tambayi allo ma. Na ɗan koyo na soso ne mai laushi, tsawonsa ƙafa 8 zuwa 9, mai faɗi da kauri. Gajeren allo mai tsini da kake gani a hannun gwanaye ba zai ɗauke ka ba, zai kuma iya fasa maka goshi. Kada ka sayi allo kafin tafiya, haya ta wadatar.

Shawarata, kada ka biya mako guda gaba ɗaya. Ka biya kwana uku, in ka gamsu ka ƙara.

Na shida: karanta hasashen ruwa da lokacin cikowa

Shafukan intanet na Surfline, Windy da Windguru duk suna nuna hasashe kyauta na 'yan kwanaki. Lambobi uku za ka duba. Na farko tsawon igiya, kana son mita ɗaya ko ƙasa. Na biyu tazarar daƙiƙoƙi tsakanin igiya da igiya. In tazarar ta yi ƙasa da daƙiƙa 8, iskar kusa ce ta tayar da ruwan, zai zo a hargitse ba ƙarfi. In ta haura 13 ko 14, daga nesa ya taso, yana ɗauke da ƙarfi, kuma zai fashe da girman da ya fi abin da lamba ta nuna. Mita ɗaya mai tazarar 15 ba ɗaya ba ce da mita ɗaya mai tazarar 9. Na uku iska, ƙarfinta da inda ta fito.

Teku yana cikowa ya janye sau biyu a kwana ɗaya, kusan awa shida tsakanin cika da janyewa, kuma kullum lokacin yana jinkirta da kimanin minti 50. Wata ne ke jan sa, saboda haka kalandar Musulunci za ta taimake ka: a farkon wata da kuma wajen 14 da 15, cikowar ta fi yawa, janyewar ma haka, ruwa kuma ya fi gudu. A Maroko bambancin kan kai mita uku, har gaɓar da ka sani da safe ta fito da duwatsu da rana. A Gana da Senegal bai kai haka ba. Ka tambayi malaminka wane lokaci gaɓarsu ta fi kyau, don kowace da halinta.

In aka yi ruwan sama mai ƙarfi, ka bar teku kwana biyu zuwa uku, musamman kusa da bakin kogi ko magudana, saboda dattin gari da ke gangarowa.

Ruwa mai ja

Wannan shi ne abin da ya fi kashe mutane a gaɓar rairayi, ya fi kifin shak nesa ba kusa ba. Duk ruwan da igiya ta turo gaɓa dole ya koma. Yakan taru ya nemi kwari a cikin yashi, ya bi ta nan da gudu zuwa cikin teku kamar korama. Mai ƙarfinsa yana iya wuce mita biyu a daƙiƙa ɗaya, ba ɗan iyon da zai iya gaba da shi.

Haɗarinsa shi ne kyawun fuskarsa. Ɗan koyo ya duba dama ya ga kumfa, ya duba hagu ya ga kumfa, a tsakiya ga wani wuri lumui da igiya ba ta fashewa, sai ya ce nan ne lafiya. Alhali nan ne koramar. Alamominta: ruwan ya fi duhu ko ya yi launin ƙasa saboda yashin da yake ɗauka, igiya ba ta fashewa a wurin, kumfa da tarkace suna tafiya ciki maimakon waje. Yakan kuma zauna a gefen duwatsu da katangar tasha.

Ya taɓa ɗaukata sau ɗaya. Ina tuƙi da dukkan ƙarfina zuwa gaɓa, amma mutanen da ke tsaye sai ƙara ƙanƙancewa suke yi. Abin da ya cece ni shi ne na tuna maganar malamina, na daina faɗa da ruwan, na zauna kan allona na ɗaga hannu ɗaya sama, sannan na tuƙa a kaikaice, daidai da layin gaɓa. Ban yi mita ashirin ba na fita daga cikinsa, kumfa ta maido ni. Ruwa mai ja ba ya jan mutum ƙasa, nesa da gaɓa yake kai shi, faɗinsa kuma ba shi da yawa. Gajiya da firgici ne ke nutsar da mutum. Kada ka saki allonka, kada ka tuƙa gaba da shi, ka fita ta gefe. In kuwa ka ga ya ɗauki wani, ka kira masu ceto ko ka jefa masa abin da ke iyo, kada ka faɗa da hannu sake.

Don haka cikin tambayoyinka ka sa wannan: akwai masu ceto a gaɓar a watan da zan zo? A wurare da yawa sai lokacin zafi ake ajiye su. Inda babu, malaminka ne mai cetonka, kada ka shiga kai kaɗai. Jar tuta kuma ma'anarta kada a shiga.

Sutura, salla da azumi

Rigar roba tana rufe jiki daga wuya zuwa idon sawu. A ruwan ɗumi ana sa doguwar riga mai kama jiki da dogon wando na iyo, a ɗora gajeren wando a kai. 'Yar uwa mai son rufe kanta ta nemi hular iyo mai rufe wuya wadda ba ta da jela. Zani, doguwar riga mai faɗi ko mayafi kuwa haɗari ne a ruwa, suna jiƙewa su yi nauyi su naɗe ƙafa. Za ki iya tambaya tun daga gida ko akwai malama mace, a Maroko da Dakar ana samu. Man kare rana ma dole ne, baƙar fata tana ƙonewa, musamman hanci, leɓe da bayan wuya.

A Maroko da Senegal masallaci da abincin halal ba abin nema ba ne. Amma ka duba kalanda: a shekarun nan azumi yana faɗowa cikin hunturu, a 2027 ana sa ran farawa a farkon Fabrairu, kuma kowace shekara yana matsowa da kwana 10 ko 11. Ɗan koyo yana haɗiyar ruwan gishiri ko bai so ba, ga ƙishirwa da gajiya. Ka tsara tafiyarka a Disamba ko farkon Janairu.

Ka ba tafiyar aƙalla kwana bakwai, ka sa ranar hutu a tsakiya, don a rana ta uku kafaɗu da haƙarƙari za su yi tsami. Ka duba ko inshorar tafiyarka ta haɗa da wasannin ruwa, ka kuma san asibitin da ya fi kusa: ga Taghazout Agadir ne, ga Busua kuma babban asibiti sai Takoradi.

Safiyar farko

Ka isa gaɓa minti talatin kafin darasi, ka sami tudu ka zauna. Igiyoyi a rukuni suke zuwa, uku ko biyar manya a jere, sai a lafa. Ka jira ka ga rukuni uku aƙalla, don teku kan yi shiru minti goma sannan ya turo abin da ba ka zata ba. Ka duba inda sauran masu koyo suke, inda masunta ke shigar da kwalekwalensu don ka kauce musu, da inda kumfa ke tafiya ciki. Ka zaɓi wata alama a tudu, bishiyar kwakwa ko hasumiyar masallaci, wadda za ka riƙa waiwaya ka gane ko ruwa yana gusar da kai gefe.

In za ka shiga, ka riƙe allo a gefenka, kada ya shiga tsakaninka da igiya, don za ta maka maka shi a fuska. Ka riƙa jan ƙafa a kan yashi maimakon ɗagawa, hakan na korar kifayen da ke kwance a ƙasa masu dafi a ƙaya ko a jela. In za ka faɗi, ka faɗi a shimfiɗe, kada ka yi nutso da kai a ruwa mara zurfi, kuma ka rufe kanka da hannuwa kafin ka ɗago. Igiya ɗaya ta mutum ɗaya ce, wanda ya fi kusa da inda ta fara fashewa shi ke da ita, in ka ga wani a kai ka bar masa. Ka tsaya inda ruwa bai wuce ƙugunka ba har sai malami ya ce ka matsa, kuma da zarar hannuwanka sun fara nauyi ko haƙoranka sun fara kaɗawa, ka fito ko da saura rabin awa a darasin.